504 ɗin marigayi ta shekara 9 a kwance, a ba ni shawara

Mushen Ƙauye: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe a zauren nan ina karatu, ban taɓa cewa uffan ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mota Peugeot 504 familiyal, wato doguwar ta iyali, ta 1982, fara. Tana gidanmu na Birni ƙarƙashin dogon yaro, shekara 9 ke nan ba a tada ta ba. Bayan salla za a raba gado, ƙannen baba sun ce a kira ƴan kilo su yanka ta. Ni kuwa a cikinta aka kai ni lakwal ranar farko, ina so a sa mini ita cikin rabona. Tambayata biyu ce. Wa zan kai wa ita a garin nan da ba zai cuce ni ba? Ta biyu, ni malamin kwantaragi ne a wani ƙauye bayan Mirya, kun san yadda kuɗinmu ke zuwa. Zuciyata na ce mini in ajiye alli in shiga garaji in koyi gyaran tsofaffin motoci gaba ɗaya. Ana ci da sana'ar nan kuwa?

Mai Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Jama'a a taimaka masa, amma ban da lambar kowa, ban da sunan garaji. Kun tuna abin da ya faru bara. Mai lamba ya bi shi ta gefe.

Ɗan Zongo: Kada ka ajiye alli. Na gama magana.

Aparanti: Hoto, mushe, malamin makaranta. A ɗaga kapo mu ga inji.

Baba Direba: Jikana ne ke buga mini, idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Yaro, kafin komai, kada ka bari wani ya zo da batir a kafaɗa ya ce bari mu gwada. Wannan bari mu gwada ita ke ƙarasa motar da ta daɗe a kwance. A cire buji 4 ɗin, a ɗiga baƙin mai kaɗan cikin kowane rami, a ƙyale ta kwana 3 ko 4. Sannan a sa babban kile a juya injin da hannu, sannu sannu. In ya juya ka yi hamdala. In ya cije kada a yi masa dole, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Tanki a sauke shi a wanke, abin da ke cikinsa yanzu danƙo ne. Robobin birki duk sun mutu ko da ido ya nuna maka suna da kyau. Wayoyi kuma ka tambayi ɓerayen gidanku, su suka san inda suka tsaya.

Maganar sana'a. Ni na shiga aikin gwamnati a matsayin direba a 1976, zamanin Kunce. Land Rover 109 aka fara damƙa mini. Lokacin in ka wuce Tanut ka nufi Agadas ba kwalta ba garaji, kai ne direba kai ne bakanike kai ne mai dafa shayi. Wanda bai iya kwance karbirato a kan rawaninsa ya hure ƙasa ya mayar ba, ba a ba shi komanda ya ɗauka. A nan na koyi abin da na koya, ba wanda ya zaunar da ni. Shekara 30 na yi. Da na ajiye aiki na sayi 504 cikin motocin da aka yi gwanjonsu, tana nan har yau, da ita nake zuwa Juma'a. Amma ka ji da kyau, dala ɗaya ba ta taɓa kawo mini ba. Fansho ke ciyar da ita, yadda yake ciyar da jikokin nan.

Ɗan Zongo: Ka ji ko? Baba ya faɗa da tsawo abin da na faɗa a gajarce.

Babarbare: Baba, har yanzu tana tashi ba turi?

Baba Direba: Kai ake turawa, Babarbare. Tawa bugu ɗaya ce.

Majo: Mushe, zauna ka ji nawa, don kai ma ɗan albashi ne kamata. A 2015 na sayi 504 berlin, wato mai but a baya, wajen wani dattijo a Sabon Gari. Mota tsaf, kujerunta na asali, tambarin zaki na gaba na nan, fitilun nan masu kama da idon mage ba ko tsaga. Aibinta ɗaya, in na kama hanyar Takeita allurar zafi sai ta hau. Wani abokin aiki ya ce ya san gwanin Peugeot. Ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi unguwa ba, mai zaure na kallo.

Na kai. Ya ce juwan kilas ne, wato abin da ke toshe tsakanin inji da murfinsa, kwana 2. Na ba da jika 45. Abin da ban sani ba a lokacin, injin 504 shemiz ɗinsa, wato bututun da fisto ke hawa da sauka a ciki, zare su ake yi, cikin ruwa suke zaune, da ɗan siririn juwan a gindin kowace. In an ɗage kilas dole a danne su kafin a taɓa injin. Shi ya ɗage kilas ya tafi ɗaurin aure, yaransa suka juya injin suna wasa, shemiz suka ɗaga. Aka mayar aka ɗaure a haka. Na ɗauki mota, ban kai gida ba mai da ruwa suka gauraye, na zaro sandar awo na ga abu kamar kunun gyaɗa.

Na koma. Ya ce ai dama injin ya gaji, sai an tafi Kano an kawo shemiz da fisto da zobba. Jika 280. Na ci bashi a wurin aiki. Daga nan labari ya koma gobe, jibi, kaya na Maimujiya, naira ta tashi, naira ta faɗi, yaron da aka aika matarsa ta haihu. Ni kuwa kwana nake a asibiti ina ɗinkin waɗanda kabu-kabu ya zubar, in fito da safe ido ja in hau moto in je in tsaya kan motata kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Wata 14.

Ranar da raina ya ɓaci na gaske, ina wucewa ta tasha na ga wata 504 ta haya da fitiluna. Na san su, akwai ɗigon fenti shuɗi a gefen ta hagu da ɗana ya yi. Na je garaji na ɗaga kapo da kaina. Karbirato Solex na asali babu, an sa wani ragwaɓaɓɓe. Radiyato na jan ƙarfe babu. Delko ba nawa ba. Zaki ma an ɓalle. Ashe motata ce kantinsa, duk wanda ya zo neman kaya a jikinta ake cira.

Na so in kai ƙara, dattawan unguwarsu suka shiga tsakani, limami ya ce a yi sulhu. Ya maido radiyato da fitila ɗaya da jika 100 cikin biya 5. Motar da igiya na jawo ta gida. Sai da na ƙara shekara 2 kafin ta hau titi.

To ga shawarata. Mota kada ta kwana a garaji. Bakanike ya zo gida ya yi aiki a gabanka, ko gaban ƙaninka in kana ƙauye. Kaya kai za ka saya da hannunka, tsohon da aka cire a ba ka. Kowane abu mai kwantuwa ka ɗauke shi hoto ka ɗiga masa fenti. Kuɗi kuma aiki aiki, kada ka ba da dunƙule. Familiyal ta fi tawa haɗari, don masu haya na neman kayanta ido rufe.

Hajiyar Biki: Innalillahi. Majo, wata 14! Ni da tuni na yi zaman dirshan a ƙofar gidansa.

Aparanti: Na san garajin 😂

Mai Zaure: Ka san shi a cikinka.

Mai Walda: Majo, Allah ya mayar maka da alheri, abin da aka yi maka zalunci ne. Amma a ji ta bakinmu mu ma. Yanzu haka akwai mota 6 a filina da masu su suka ajiye suka ɓace. Ɗaya tun kafin bikin Zinder Sabuwa na 2018 take nan, mai ita ya ce a yi sauri zai yi fareti da ita ranar 18 ga Disamba. Na yanke ruɓaɓɓen ƙasanta na sa sabon ƙarfe da kuɗina, har yau ban ga ƙeyarsa ba. Masu son tsohuwar mota akwai daɗin hira, za su zauna su sha shayinka su ba ka tarihin masana'antun Peugeot na Sosho a Faransa da na Kaduna, in an zo kuɗi sai ka ji ana jiran ƙarshen wata.

Mushe, ni shekara 26 ina wannan aiki. Shekara 7 na yi ina yaron garaji kafin maigidana ya sallame ni, 2 na farko ban taɓa ƙarfe ba sai wankin kaya da sayo abinci. Kai da gemunka da iyali, za ka iya yaro ɗan shekara 17 ya aike ka sayen ƙosai don ya riga ka shiga? Kuma abin da ke biyan hayar fili da kuɗin lantarki Hilux ne da Corolla da ƙofofin gidaje. Tsohuwar Peugeot ina karɓarta ne don ina sonta, in yi ta da yamma in aiki ya lafa. Yaran ma ba su tsayawa yanzu. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014 na rasa 4, sauran sun hau kabu-kabu, sun ce kuɗin yau a yau.

Majo: Ban ce duka ba, maigida. Na ce wancan.

Mai Walda: Na ji. Amma maganar bakanike ya zo gida, walda ba ta zuwa gida.

Ɗan Kano: Tambaya ɗaya kafin a ci gaba. Ta Kaduna ce ko ta Faransa? In ta Kaduna ce ka kwantar da hankalinka, kayanta na nan jibge a Ƙofar Ruwa, abin da babu a samo a Panteka. PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, kuma ta ci gaba da 504 shekaru da yawa bayan Turawa sun daina. An ɗaga ta an ƙarfafa ta don hanyoyinmu.

Ɗan Zongo: Ga shi nan ya fara. Ta Faransa ƙarfenta daban.

Ɗan Kano: Wane daban? Yawancin kayan ai daga can ake kawowa a ɗaure a Kaduna.

Ɗan Zongo: Hannun da ya ɗaure shi ne daban.

Ɗan Kano: To in ta lalace ka tafi Faransa sayen kaya, kada mu gan ka a Ƙofar Ruwa kana a rage mini don Allah ni baƙo ne.

Babarbare: Bakano da Badamagare, yaƙin kakanni bai ƙare ba, ya koma kan Fijo.

Bafillace: Babarbare na maganar mota? Kai da ka sayi Renault 4L aka ce ka sa giya ka yi ta lalube a ƙasa, ashe sandar na jikin allon gaba.

Babarbare: Kai fa da ka zuba wa radiyato nono.

Mai Zaure: Ku bari mana. Yaro ya yi tambaya.

Alhajin Bashe: Salamu alaikum. Duk wanda ya yi magana a sama yana da albashi ko fansho, shi ya sa suke cewa mota ba ta kawo komai. Ni ba ni da ko ɗaya. Peugeot 404 bashe, a-kori-kura, ita ce gonata. Da ita na aurar da ƴaƴa 5, da ita na je Makka. Alhamis ina kasuwar Dole, sauran kwanaki ina bin kasuwannin ƙauye, hatsi, wake, rake, awaki, abin da ya samu. Inda nake shiga mai sabuwar mota ba ya yarda ya shiga, yana tsoron fentinsa. Ta lalace a daji, waya da filaya da ɗan tsumma sun kawo ni gida.

Amma ni ba na wanke ta da sabulu ina ɗaukar hoto. Injin da ke ciki na 504 ne, kujerar gaba ta wata mota ce, ƙofar dama da igiya nake ɗaure ta. Mutanen zauren nan in sun gan ta cewa suke na wulaƙanta ta. To zaɓi ɗaya za ka yi, mushe. Ko ka yi mata kwalliya ta ci kuɗinka, ko ka sa ta aiki ta ba ka kuɗi tana tsufa a hannunka. Familiyal kujera layi 3 ce, sifirin 4 ne a bayanta, an yi ta don kaya. Ka sa ta layin Magarya ko Matamai ka ga. Sai dai mai. Da can muna shan na bakin hanya da araha, tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 lissafin ya canza. Tawa tana shan lita 12 a kilomita 100 in na yi lodi, wani lokaci fiye.

Majo: Alhaji, motar babansa ce fa. Ya ɗora mata awaki?

Alhajin Bashe: Babansa ma ai ba don ado ya saya ba.

Aparanti: Alhaji a daina man kwalba, shi ke toshe maka jiklar kullum. Ga na matatar SORAZ a gidan mai.

Alhajin Bashe: In kai za ka biya, to.

Baba Direba: Tunda an ambaci 404, a gaya wa yaran nan. Berlin ɗinta pon ɗin baya, wato akwatin haƙoran da ke juya ƙafafun baya, daban yake, haƙorin tagulla ne da dunƙulen ƙarfe kamar sukurwa. Mai na musamman ake zuba masa, na zurma. In ka gauraya shi da man giya na kasuwa ka gama da shi. Na ga an kashe 404 fiye da 3 a garin nan da wannan ganganci. Kuma fankar Peugeot da ke kamawa tana saki da kanta, mu nan ɗaure ta muke ta yi ta juyawa, zafin watan 4 ba wasa ba ne. Ruwan radiyato kuma a tace, in da hali a tari na sama a ajiye.

Babarbare: Baba, ruwan da za mu sha ma a Damagaram sai an yi layi, ka ce mu tara wa mota na sama.

Hajiyar Biki: Bari mace ta sa baki. Mercedes 200 ɗin maigidana, Allah ya jiƙansa, ni ke riƙe da ita, irin mai fitila zagaye ta wajen 1980. Sana'ata kayan biki ne, kujeru, rumfa, tukwane. Na ce bari in haɗa da motar amarya. Wallahi ƴan matan yanzu ba su so, V8 suke so mai baƙin gilashi, wata ta ce mini ita ba za a kai ta a motar kakanni ba. Masu ɗaukar hoto da masu waƙa su ne ke zuwa, su jingina a jikinta awa 2 su ba da jika 10 ko 15. A shekara bai fi sau 7 ko 8 ba. Asiransi da batir sun cinye. Kujerun roba su ke riƙe da gidan. Ɗana, ka karɓi motar, kada ka bari a yanka, za ka yi kuka daga baya. Amma alli ka riƙe shi da hannu biyu, kwantaragi yau, gobe a ɗauke ka dindindin.

Ɗan Zongo: Mutum na uku ke nan.

Ɗan Liyon: Gaisuwa daga sanyi. Ni ina aikin ɗaukar kaya a wani sito kusa da Benisiye a Faransa, inda masana'antar motoci ta Berliet take a da. Abin da na gani a nan, masu tsofaffin motoci yawancinsu likitoci ne, injiniyoyi, malaman makaranta, tsofaffin ma'aikatan masana'anta da suka huta. Asabar da Lahadi suke shiga ɗan garajin gida. Waɗanda ke ci da abin su ne masu gyara na musamman, mai ɗinkin kujera, mai fenti, mai kayan gyara, kuma suna ci ne don akwai masu kuɗin biya. Mota in ta kai shekara 30 ana iya yi mata kartigiris, wato takardar mota, na musamman na kayan tarihi. A Paris kowace shekara ana baje kolinsu, Rétromobile, tun 1976. A Sosho kuma Peugeot na da gidan tarihi, na je sau ɗaya, na ga irin 504 da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, sai da na tuna tashar Zinder. Mai tsada a nan ita ce kupe da mai buɗaɗɗen sama, zanen kamfanin Pininfarina na Italiya. Familiyal da bashe sun yi wuya a nan don mu muka kwashe su tun da daɗewa.

Ɗan Kano: To a ɗora mata jirgi a kai maka mana, mushe ya yi arziki.

Ɗan Liyon: Kuɗin jirgi ya fi kuɗin motar. Kuma su takarda suke saye kafin ƙarfe.

Buzun Tanut: Maganar kwashewa gaskiya ce. Ina yaro a Arlit na ga Turawa na sauko da 504 ta Tamanrasat da Asamaka, 3 ko 4 a jere, su sayar su hau jirgi su koma. Rabin Peugeot ɗin ƙasar nan ta hamada suka shigo. Ni kuwa Land Cruiser ce ta yi ni. Shekara 19 ina kai ƴan yawon buɗe ido Tenere da Bilma. Lokacin da tseren motoci na Paris-Dakar ke bi ta Agadas, tun ta farko a farkon 1979, garin ba ya barci, mai walda da mai faci a mako ɗaya suke samun na wata 3. Daga 2007 baƙi suka ɗauke ƙafa. Na dawo nan ina jigilar albasa da siminti da motar da ta san kowane tudun rairayi da sunansa. Injin 1HZ, ba kwamfuta ba komai, har yau ban buɗe shi ba. Sana'ar da ke jingine da baƙi ko da masu sha'awa, ranar da suka ɗauke ƙafa kai kaɗai za a bari da ƙarfe.

Bafillace: Land Rover ta fi.

Buzun Tanut: Ta fi ɗigar da mai, e. Inda ta kwana ba ya ɓata.

Baba Direba: Ku yi a hankali da Land Rover a gabana. Jikinta alminiyum ne, ba ta tsatsa. Aksil ɗin baya ne kawai ke karyewa, shi ya sa muke tafiya da 2 ƙarƙashin kujera.

Buzun Tanut: Baba ai ka ba ni gaskiya da bakinka.

Malamar Lissafi: Abokin aiki, ni ma alli nake riƙe, a lise. Ba ni da tsohuwar mota, mijina ne mai ciwon, ni ke riƙe littafin kuɗin. Kafin ka yi rigima da baffanninka a kan gado, nemo kartigiris. In takarda ta ɓata ko sunan wani ne a kai, wahalar da ke gabanka ta fi ta inji. Kuma a yi mata kuɗi a gaban kowa a cire daga rabonka a rubuta, kada ka gyara ta ta yi kyau wani ya ce ai ta gida ce. Hutun ƙarshen shekara wata 3 ne. Ka je ka zauna wajen mai gyara a kan motarka, ka koya kana kallo. In Oktoba ta yi kana son warin gazuwal fiye da ƙurar alli, ka dawo mu sake magana.

Mai Walda: Wannan na yarda. Ya zo wurina da hutu, ba zan aike shi ƙosai ba.

Aparanti: Ni zan aike shi.

Ɗan Kano: Wai har yanzu ba a ce ta Kaduna ce ko ta Faransa ba.

Baba Direba: Abin da ya kashe Peugeot a ƙasar nan ba Toyota ba ce. Karyewar sefa ce ta Janairun 1994. Muka kwana muka tashi kayan Faransa sun ninka. Daga nan kowa ya koma kayan kwance da na jabu. Kafin nan kanti za ka shiga a ba ka abu cikin kwalinsa da zaki a jiki.

Ɗan Zongo: Toyota ce, Baba.

Baba Direba: An haife ka a 1994?

Mushen Ƙauye: Ku gafarce ni, ƙauyen ba rezo, sai yau na shigo gari. Na karanta duka, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ga hotuna. Kartigiris na nan cikin akwatin baba, sunansa ne. Na ɗaga kapo, kaza ta yi ƙwai 6 kusa da batir. Radiyato babu, inna ta ce wani ya zo aro tun shekarar rasuwa. Ban san inda ake duba ta Kaduna ce ko ta Faransa ba.

Majo: Aro! Ka gani ko? Tun ba a kai garaji ba.

Aparanti: Akwai ɗan faranti a cikin ɗakin inji, goge shi ka ɗauko. Amma mushe wannan ai gazuwal ce, ga pampo can. Baba ya ce a cire buji 😂

Baba Direba: To Indenor ce, injin gazuwal na Peugeot. A cire na ɗumama inji, aikin ɗaya ne, ɗan banza. Jikana, matso mini da hoton nan na biyu. Wannan lanƙwasar ta bampa ta baya da ƙarfen kaya na sama, na san motar nan. Yaro, babanka ba shi ne ke lodin Magarya ba, dogo, mai carbi a madubi, ba ya tashi sai ya yi walaha? Allahu akbar. Ya taɓa jawo ni da igiya daga wajen Bande har gari, dare ya yi mana, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ba a yanka wannan motar ina raye. Juma'a bayan la'asar ina zuwa, kada kowa ya taɓa ta.

Mushen Ƙauye: Shi ne, Baba. Na kasa rubutu.

Alhajin Bashe: Ashe ɗan layi ne. Na ce muku ba don ado ya saya ba. Ina da tsohon radiyato a gida, yana yoyo kaɗan, a toshe.

Mai Walda: Kawo in lalle shi da dalma. Juma'a ina nan tafe, in ga ƙasanta. Dogon yaro shekara 9 yana zuba mata ganye, ina jin tsoron gindin gilashi.

Hajiyar Biki: Ƙwan kazar fa, a bar mata ta ƙyanƙyashe tukuna.

Ɗan Zongo: Alli dai.

Ɗan Kano: Farantin fa? A goge a turo.

Babarbare: Tunda an taru, wa ke da robar gilashin gaba ta 4L? Wata 5 ina tambaya a zauren nan.

Bafillace: Ka sa ƙullun gero.